Kunne Ɗaya a Bakin Rami

Gregoria Yucra mai gadi ce a dutsen Potosí, inda ake haƙar ma'adini. A jikin dutsen nan kowane bakin rami yana da ɗan ɗaki a gefensa, kuma mafi yawan ɗakunan mace ce a ciki. Nata na laka ne da duwatsu, rufin kwano, an danne kwanon da tsofaffin tayoyi don kada iska ta tafi da shi. A jikin bangonsa aka gina ma'ajiyar kayan aiki, inda ake zuba injunan huda dutse guda biyu, da tiyon iska, da fitilun goshi. In yamma ta yi mahaƙa su fito daga ƙarƙashin ƙasa, su jibge kayan, su sa kwaɗo, su gangara gari. Daga lokacin har wayewar gari, da wunin Lahadi gaba ɗaya, kayan suna wuyan Gregoria. Ƙa'idar ita ce in an yi sata mai gadi za ta biya. Tunda kuwa ba a taɓa samun mai gadin da ta iya biyan injin huda dutse ba, abin da ake yi shi ne a sallame ta a kawo wata. Haka matar da ke ɗakin kafin ita ta bar wurin, da 'ya'yanta da tukwanenta a bayan motar ɗaukar dutse.

Da sunan Gregoria aka ba da aikin, amma duk mai shiga ramin ya san gadin na mutum biyu ne. Mijinta, Teófilo Copa, ya haura shekara ashirin yana rungume da injin huda dutse, har ƙurar ta toshe masa huhu. Ciwon rami ake ce masa a nan, kuma ba a tambayar mai shi ko ya ji sauƙi. Tun da ciwon ya yi ƙarfi ya daina iya kwanciya. Da ya miƙe bayansa sai numfashi ya ɗauke, don haka a zaune yake kwana, kan wani akwatin katako da aka shimfiɗa wa fatun tumaki, ya jingina da bango. Barci ba ya zuwa masa sai gyangyaɗi. Shi ya sa ya zama kunnen gidan. Ya san muryar kowanne cikin karnukansu uku, ya san haushin da suke yi wa wani kare da wanda suke yi wa mutum, ya san ƙarar tsakuwa in iska ce ta gangaro da ita da in takalmi ne ya taka. In ya ji abin da bai yarda da shi ba sai ya buga ƙofar kwano da guntun rodi, Gregoria ta tashi ta kunna guntun nakiya ta wurga gangare. Ɓarayi sun san ma'anar wannan ƙarar. Da haka take samun barci, da barcin kuma take samun ƙarfin wuni tana fasa duwatsun da aka zubar a bakin rami, tana tsintar masu ɗan ma'adini a jiki tana sayarwa buhu-buhu. Albashin gadi ba ya ciyar da kowa. Ɗakin ne babban abin da gadin yake ba su.

Da kunne ɗaya Teófilo yake wannan aikin. Na dama ya mutu tun yana cikin rami, don a kafaɗar dama yake tokare injin. Saboda haka aka ajiye akwatinsa yadda na hagu zai fuskanci ƙofa.

Ita Gregoria 'yar ƙauye ce daga wajen Tinguipaya, inda ta tashi da kiwon tumaki da haƙar dankali. Ta shigo gari tana budurwa, ta yi aikatau a gidan wani mai kantin magani. A bikin mahaƙa ta fara ganin Teófilo, ranar da suke saukowa daga dutse suna rawa da hular kwano a ka, shi yana cikin 'yan badujala yana busa begila, kumatunsa sun kumbura kamar ya cusa lemo biyu a baki. Daga nan aka sa masa suna Kumatu, sunan kuma ya bi shi har bayan kumatun sun zube. Takan ce farar kwat ɗin da ke jikinsa ta aura, sai bayan biki ta gane ta aro ce. Ta haifi biyar, uku suka rayu. Matan biyu suna Ajantina suna ɗinki a wani gida da ba a barinsu su fita sai Lahadi. Namijin ya tafi Santa Cruz neman aikin mota, an kuma jima ba a ji daga gare shi ba. Teófilo bai taɓa zama ɗan ƙungiyar mahaƙa ba, ɗan ƙwadago ne da ake biya mako-mako, don haka ranar da ya kasa shiga rami ba abin da ya biyo shi gida. Begilar aka fara sayarwa, sai rediyo, sannan suka rasa ɗakin hayar da suke ciki a gari.

A shekarar 2007 ma'adini ya yi tsadar da tsofaffi ma ba su taɓa gani ba. Mutanen da bara suke hawa dutse a ƙafa suka dawo da manyan motoci. Kayan aiki suka yi daraja, ɓarayi suka ƙaru. A shekarar ne kuma, bayan Ista, aka gano tarin fuka ma ya hau kan ciwon Teófilo, aka sa shi allura kullum. Kowace safiya direban motar dutse yakan sauke shi a ƙaramin asibitin da ke gindin dutsen, ya ɗauko shi a dawowa. Shi kaɗai yake zuwa, don mai gadi ba ta barin bakin rami a lokacin da ake fitar da kaya.

Mai kayan da ke ma'ajiyar shi ne Liborio Villca, wanda ake ce wa Don Liborio saboda girmamawa. Tare suka fara aiki da Teófilo suna samari, shi ya dace da jijiyar dutse mai kyau, Teófilo bai dace ba. Shi ya ba su gadin, kuma yakan tuna musu. Wata safiya, mahaƙa suna zaune a ƙofar ɗakin suna cika kunci da ganyen koka, mai kashe yunwa da gajiya, kafin su shiga, ya iso da wata 'yar aba rataye a wuya, girmanta bai wuce layita ba, da siririyar waya mai kai biyu da ta hau kunnuwansa. Ya ce MP3 ake ce mata, daga Sin aka kawo, batir ɗaya take ci, kuma waƙoƙin da ke cikinta sun fi na shagon kaset yawa. Aka yi ta karɓa ana gwadawa. Da ta zagayo sai ya ce a miƙa wa Kumatu.

"Ungo, tsohon mabusa. Ka ji yadda ake busa a zamanin nan, ka gode wa Allah da ka bari kafin a kore ka."

"Kai da ko fito ba ka iya ba," in ji Teófilo, "me ka sani a busa?"

Aka yi dariya. Ya ɗauki kai ɗaya na wayar ya sa a kunnen hagu. Gregoria tana tsugune bakin murhu tana kallonsa. 'Yan badujala ne suke kiɗan morenada, irin wanda ya yi shekaru yana busawa. Ya rufe ido, ya sa tafin hannu ya danne abin a kunnensa sosai. Ya daɗe a haka, har sai da Don Liborio ya miƙa hannu ya ce ai ba kyauta ya ba shi ba.

Da mutane suka shige rami, wurin ya yi shiru, sai Teófilo ya kira Gregoria da gajeren sunanta, ya ce, "Goya, ki sayo mini irinta."

Tun da ya kwanta ciwo bai taɓa roƙonta komai ba, ko miya sai ta matsa masa yake ƙari. Ya gaya mata cewa a zaman da yake yi ita tana barci, sanyi bai dame shi kamar kukan ƙirjinsa ba, wanda yake ji kamar ana jan zarto a ɗanyen itace, shiga da fita, har gari ya waye. Da abin nan yana kunnensa bai ji zarton ba. Ya ƙara da cewa in za ta saya ta yi sauri. Ba ta tambaye shi saurin me ba.

Ba kuɗi ne ya tsaya mata ba. A shekarar ko duwatsun juji sun yi kasuwa, abin da ta ƙulle a bakin mayafinta kuma zai isa. Wata Alhamis da rana, lokacin da ramin yake cike da mutane ba wanda zai taɓa ma'ajiya, ta bi motar dutse ta sauka kasuwa. Don Liborio ya yi mata kwatancen rumfar wata Nélida, mai sayar da batir da tocila da agogon roba, wadda take da kwamfuta a lulluɓe ƙarƙashin tebur tana zuba wa mutane waƙoƙi. Ga na'urorin nan a rataye jere, ja da shuɗi da ruwan toka.

"Na jika ne, Mama, ko saurayi kika yi?" in ji Nélida.

"Na tsohona ne."

"To wannan tsoho ya iya zaɓen mata. Nawa ko safa ban taɓa saya masa ba."

Gregoria ta juya abin a tafin hannu. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ta tambayi yadda ake kunnawa, aka nuna mata. Ta tambayi kwana nawa batir yake yi, aka ce ya danganta. Sannan ta yi tambayar da ta taho da ita tun daga saman dutse, ko wanda ya sa abin yana jin abin da ke faruwa a kusa da shi. Nélida ta ɗauka yabon kayanta ake nema. Ta ce in mutum ya sa wannan ko miji yana zaginsa ba zai ji ba, shi ya sa ma mata suka fi saye. Da Gregoria ta faɗa mata aikin da tsohon yake yi, sai ta ce wannan ai mai sauƙi ne, ya sa kunne ɗaya ya bar ɗaya a buɗe, haka direbobi suke yi.

"Ɗayan ne kawai gare shi," in ji Gregoria.

Nélida ta karɓi na'urar daga hannunta. Ta ce to ta gwada da kanta ta gani, ta ɗaga mata gefen hula ta sa mata wayar a kunnuwa biyu, ta danna.

Gregoria ba ta taɓa jin kiɗa a cikin kanta ba. Ko ranar biki daga waje yake zuwa, ya gauraya da hayaniya da ƙarar nakiya. Wannan kuwa kamar an zaunar da ita a tsakiyar 'yan badujala an rufe ƙofa. Kasuwar tana nan a gabanta, mutane suna buɗe baki suna rufewa, amma ba ta da murya. Ta ga Nélida tana ɗaga hannu tana nuna bayanta, kafin ta gane me take nufi baron dankali ya bugi ƙugunta ya kusa kai ta ƙasa. Ta cire wayar. Mai baron yana tsaye yana haki, ya ce tun daga bakin layi yake ihu a ba shi hanya, ya tambaye ta ko kurma ce ita.

Ta ajiye na'urar kan tebur. Ta sayi ganyen koka da ƙashin miya da safar ulu, ta koma saman dutse.

A hanya ta yi tunanin ta ce masa sun ƙare, amma ya san kasuwa, kuma ya san fuskarta. Ta gaya masa gaskiya. Ta ce ta gani, ta gwada, in ya sa abin nan a kunne to babu mai gadi a bakin ramin nan, ranar da aka ɗauke injin kuma ba su da inda za su je. Ya ce da rana kawai zai riƙa sawa. Ta ce ta san shi, abu yana rataye a wuyansa, ƙirjinsa yana kuka, ita tana barci, wa zai hana shi. Ya ce to ta riƙa karɓa da yamma ta ɓoye. Wannan ta riga ta yi tunaninsa a cikin mota. Ta ga kanta kowace faɗuwar rana tana zare abu daga kunnen mara lafiya kamar mai ƙwace alewa a hannun yaro, ta kuma san ba za ta yi mako tana yi ba za ta ce ya riƙe. Kanta ne ba ta yarda da shi ba, amma ba ta faɗa masa haka ba.

"Da rana ma ya ishe ni, tsohuwa," ya sake cewa.

Ta ce ya bari sanyi ya wuce. Karyarsu tana da ciki, zuwa Agusta za a sami ƙarin bakuna masu haushi, dare kuma zai rage tsawo. A lokacin za ta saya masa, ja ma in yana so.

"Agusta da nisa," in ji shi.

Ta ɗauka mutuwa yake nufi, ta yi masa faɗa, ta ce ita za ta riga shi don ya san wahalar dafa wa kansa miya. Bai sake tayar da maganar ba.

Ba a jima ba aka yi sata a wani rami da ke sama da nasu. An ba karnuka guba, an ɗaure mai gadin da igiyar shanya, an tafi da injin iska. Kafin mako ya zagayo an sauke ta daga dutse. Don Liborio ya zo ya duba kwaɗonsa, ya jijjiga ƙofar ma'ajiya, ya ce shi hankalinsa a kwance yake tunda yana da Kumatu, wanda kunnensa ya fi kare goma. Ya ce ba don kunnen nan ba da tuni ya kawo magidanci mai ƙarfi da samarin 'ya'ya ya zaunar a ɗakin, don mutane suna ta yi masa magana. Cikin raha ya faɗa, amma Gregoria ta san Don Liborio ba ya wasa da kayansa. Ranar ta ji ta yi daidai da ba ta sayi na'urar ba.

Yuni da Yuli suka zo da sanyinsu, ruwa yana daskarewa a cikin bokiti. Teófilo ya ƙara ramewa. Ya fara jiri, in zai fita shan rana sai ya bi bango. Yakan sa ta maimaita magana, yakan tsura wa bakinta ido in tana yi, ita kuwa ta ɗora duka a kan rashin ƙarfi. Bugun rodi ya ragu, har ya zama ana yin makonni ba a yi ba. Ta ɗauka ɓarayi sun gane bakin ramin nan ba wurin zuwa ba ne. Ta sami barci mai nauyi a watannin nan, buhunanta kuma suka ƙaru.

Wata Lahadi a ƙarshen Yuli, bayan azahar, ta gangara wajen tankin ruwa da jarka biyu. Tana hawowa ta ji karnuka, duka ukun, irin haushin da ko ita ta san na mutum ne. Ta tsaya ta kasa kunne tana jiran rodi a jikin kwano, don ko da rana in tana nesa haka yake kiranta. Ba ta ji komai ba sai karnuka. Ta yar da jarkokin ta kama gudu, gudun da mutum zai iya yi a wannan tsayin, inda iska ba ta cika ƙirji. Da ta zagayo tulin duwatsu sai ga mutum biyu a ƙofar ma'ajiya, ɗaya yana korar karnuka da jifa, ɗaya ya zura ƙarfe a kwaɗo yana banƙarawa. Can ƙasa a kan hanya wata ƙaramar mota tana jira. Ba ta rabuwa da guntun nakiya da ashana a aljihun riga. Ashanar farko ta mutu, ta biyu ta kama. Ta wurga gefensu, ƙasa ta girgiza, tsakuwa ta zubo kan rufi. Suka bar ƙarfen a wurin suka ruga gangare.

Kwaɗon ya lanƙwashe amma bai buɗe ba. Ta shiga ɗaki tana haki. Teófilo yana zaune a wurinsa, rodi a kan cinya, idonsa biyu, tafin hannunsa a manne da ƙofar kwano.

"Wa ke fasa dutse ranar Lahadi?" ya tambaya.

Karnukan suna bayan bango suna ta haushi, tsakaninsu da shi bai fi tsawon mutum ba. Ta koma gefensa na hagu, inda ba ya ganin fuskarta, ta kira sunansa da muryar da ta saba. Bai juyo ba. Ta ƙara murya. Bai juyo ba. Sai ta dawo gabansa ta durƙusa, ya dubi fuskarta, ya gane.

A hankali ya faɗa mata, yana tsayawa yana neman numfashi. Tun ranar da aka fara allurar nas ɗin ta gaya masa cewa wani lokaci maganin yana cin kunne, in ya fara jin ƙara a ciki ya faɗa da wuri. Bai daɗe ba ya fara jin ƙarar, kamar gyare ya shige masa kai. Bai faɗa ba, don direban motar dutse yana tsaye a ƙofa kullum yana jiransa, abin da direban ya ji da safe kuwa Don Liborio zai ji kafin rana ta take. Ƙananan sautuka ne suka fara tafiya, fito da tsakuwa da ƙarar cokali a kofi. Daga baya karnuka suka yi nisa. Muryarta yana kamawa in tana kusa kuma yana ganin bakinta. Abin da bai tafi ba shi ne zarton ƙirjinsa, tunda shi daga ciki yake zuwa. Ranar da Don Liborio ya ba shi na'urar, begilolin sun riga sun zama kamar daga bayan bango ake busa su, amma suna nan.

"Shi ya sa na ce ki yi sauri."

Ta tambaye shi tun yaushe babu mai gadi. Ya ce tun wajen bikin San Juan, a ƙarshen Yuni. Tun daga lokacin hannu yake sawa a ƙofa ko zai ji motsi. Ta tambaye shi don me ya bar ta tana barci.

"In ba ki yi barci ba, wa zai fasa dutse?"

Ta miƙe. Ta fita ta ɗauke ƙarfen ɓarayin ta jefa ƙarƙashin gado, ta sa guduma ta miƙar da kwaɗon yadda ba za a lura ba, sannan ta gangara neman jarkokinta. Ɗaya ta fashe.

Washegari da rana ta sauka gari. Ta fara biyawa ta asibitin. Nas ɗin ta ce ai an gama allurar, saura ƙwayoyi, ta kuma ce ta sha tambayarsa kunnen yana cewa lafiya lau. Gregoria ta tambaya ko jin zai dawo. Nas ɗin ta ce abin da ya tafi ta wannan hanyar ba kasafai yake dawowa ba, wani lokaci ma yakan ci gaba da tafiya bayan an daina. Daga nan ta wuce kasuwa. Nélida ta gane ta tun daga nesa, ta fara cewa ga matar da ta yi karo da dankali, amma da ta ga fuskarta sai ta bar wasan. Gregoria ta ɗauki ja. Ta ce a cika ta da 'yan badujala kawai, kada a sa mata mai waƙa ko ɗaya.

Ta iso saman dutse mutane suna cikin rami tukuna. Ta rataya masa a wuya, ta sa masa a kunnen hagu, ta danna yadda aka nuna mata. Ya ce ta ƙara. Ta ƙara. Ya ce ta ƙara, ta danna har lambar ta daina hawa. Daga bakin murhu tana jin kiɗan yana fita ta gefen kunnensa, siriri, kamar ƙuda a cikin gwangwani. Ya danne da tafin hannu, ya karkata kai, ya daɗe.

"Ganga nake ji," in ji shi. Can ya ɗago ya dubi bakinta. "Begilolin sun shigo?"

Ta matso ta kara kunnenta kusa da nasa, ta koma gabansa ta ce sun shigo.

"Sun iya?"

"Ba laifi. Akwai ɗaya da yake riga sauran."

"Kullum akwai irin wannan," in ji shi. Ya bar ta a kunne har batir ya ƙare.

Tun daga ranar gadin ya koma na mutum ɗaya. Gregoria ce take kwana a zaune kusa da ƙofa, cikin bargo biyu, tana koyon bambanta haushi da haushi a shekarun da ya kamata a ce ta huta. 'Ya'yan da karyar ta haifa kuwa, kafin Agusta sanyi ya kashe duka sai ɗaya. Buhunan dutse suka ragu da rabi, don guduma ba ta tafiya daidai a hannun da bai yi barci ba, kuma ta fasa babban yatsanta har farcen ya fita.

Na'urar kuwa ta sami aikin da ba don shi aka saye ta ba. Gregoria ce ta tsara haka. Kowace safiya kafin mahaƙa su iso takan rataya masa ita, ta sa masa wayar a kunne, ta zaunar da shi a rana. Duk wanda ya yi masa magana bai amsa ba sai ya ga wayar ya yi dariya ya wuce. In maganar mai muhimmanci ce takan taɓa kafaɗarsa, ya zare wayar, ita kuma ta maimaita masa da ƙarfi a gaban fuskarsa, cikin muryar matar da ta gaji da miji. Batir ba ya daɗewa, kuma ba kullum take sauka gari ba. Yawancin safiya abin a mace yake rataye a wuyansa.

Wata safiya cikin Satumba Don Liborio ya tsaya a kansa ya kira shi Kumatu har sau biyu, sannan ya juya wajen mutanensa ya ce su ga tsoho ya zama ɗan zamani. Ya tambayi Gregoria ko dai da dare ma haka yake toshe kunnen. Ta ce rana tana faɗuwa take karɓewa.

"Yawwa. Kunnen nan nawa ne da dare, ki gaya masa." Ya miƙa hannu zai ɗauki na'urar daga ƙirjin Teófilo. "Kawo in ji abin da yake ji haka."

"Bar masa, Don Liborio," in ji Gregoria. "Kai ka koya masa, yanzu ko ni ba ya ba ni."

Don Liborio ya yi dariya, ya kunna fitilar goshinsa, ya sunkuya ya shige rami, sauran suka bi shi. Gregoria ta ɗauki guduma ta je ta zauna gaban tulin duwatsu. Ta fasa kaɗan, ta ware mai kyau gefe. Daga nan kanta ya sunkuya kan gwiwa, gudumar tana hannunta. Teófilo ya ja akwatinsa ya juya shi yadda zai riƙa ganin hanya.